Takardar da Na Rubuta wa Yaya

Na koyi buga tafireta a Gummi, a wani ɗan shago da ke kallon tashar mota, 'yan shekaru bayan an ba mu jiharmu. Lokacin kowa neman aiki yake yi. An buɗe ma'aikatu a Gusau, ana ta maganar ɗaukar malamai da direbobi da ma'aikatan asibiti, duk wanda ke da wata takardar makaranta a ƙarƙashin katifa ya ciro ta ya kakkaɓe. Ni kuwa na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, ina zaune gida daga ni sai Inna, don mahaifinmu ya riga ya rasu. Ita Innar ce ta kai ni shagon da ƙafarta, ta ce gara in koyi wani abu da in zauna ina kallon bango.

Mai shagon wata mata ce daga kudu, Kirista, mijinta ma'aikacin lafiya ne a asibitin garin. Madam ake ce mata, yara da manya. Ta daɗe a cikinmu har Hausarta ta koma irin tamu, tana "munka" tana "sunka" kamar wadda aka haifa a bakin gulbi. Gajera ce, tabaraunta a ɗaure da zare ta gefe guda, kuma ba ta da haƙuri da kuskure. In na buga harafi ɗaya ba daidai ba, ba ta yarda in goge. Sai ta zare takardar ta miƙo mini sabuwa.

Yawancin masu zuwa takardar neman aiki suke kawowa, rubutacciya da hannu, su ce a buga musu. Kusan duk iri ɗaya ce. Da Turanci ake rubutawa, amma abin da take cewa shi ne: ina roƙo cikin ƙanƙan da kai, ni talaka ne, iyayena sun tsufa, a taimaka mini da kowane irin aiki, bawanku mai biyayya. Madam takan karanta har ƙarshe, ta cire tabarau ta dubi mutum.

"Malam, aiki kake nema ko sadaka?"

Wasu su yi fushi su karɓi takardarsu. Waɗanda suka tsaya sai ta zaunar da su a benci ta shiga tambaya. Wane aiki ne takamaimai? Me ka taɓa yi da hannunka? Wa zai iya ba da shaida a kanka? Na tuna wani direba da ya rantse shi ba shi da abin faɗa. Ta yi ta jan sa da hira har ya fito da cewa shekara tara yana bin hanyar Gummi zuwa Sakkwato bai taɓa ko taka akuya ba, kuma shi ke gyaran motarsa. Wannan ta sa a layi na biyu. Takardar duka ba ta kai rabin shafi ba. Bayan 'yan watanni ya zo da motar ofis ya tsaya a ƙofar shago, ya sauke mana buhun albasa.

"Ki faɗi aikin a layin farko," in ji ta. "Mai karantawa yana da tuli a gabansa, ba shi da lokacin gaisuwa. Sannan ki faɗi abin da mutum ya iya, ki tsaya."

Shekara uku na yi a ƙarƙashinta kafin a mayar da mijinta Bukkuyum. Da za su tashi ta bar mini shagon da tafiretar. Kafin wani lokaci sunana ya fita. Ana cewa hannuna yana da sa'a, har daga ƙauyuka ake zuwa ranar kasuwa a bi layi. Na aika aka sayo mini wani ƙaton ƙamus daga Sakkwato, in babu mutane sai in buɗe shi ina tsintar kalmomi masu tsawo ina rubutawa a bayan littafi. Takarduna suka fara ƙiba. Masu karɓa suna jin daɗi, don ko ba su gane ba suna ganin abin ya cika shafi. Ba kuma wanda zai zare mini takarda ya ce in sake.

A cikin wannan hali Yaya ya dawo. Shi ne babbanmu, ya girme ni da shekara goma sha huɗu, shi ya riƙa goya ni a keke zuwa firamare kafin ya tafi Kaduna. Can ya yi shekara goma sha ɗaya yana gyaran injuna a wata masaƙa. Kowace sallah atamfar da ni da Inna muke ɗinkawa daga wajensa take zuwa. Sai masaƙar ta fara rage mutane, daga baya ta rufe ƙofa gaba ɗaya. Ya iso mana da damina, shi da matarsa da 'ya'ya uku da wani akwatin ƙarfe na sifanu da sauran kayan gyaran inji wanda bai yarda a ɗora a saman mota ba, a cinyarsa ya riƙo shi tun daga Gusau.

Ya koma gonar da mahaifinmu ya bari. Bai yi ƙorafi ba, amma duk wanda ya gan shi da fartanya ya san ba nan hankalinsa yake ba. Da rani masu lambu a fadama kan kira shi in injin ban ruwa ya ƙi tashi. Ranar da aka kira shi kaɗai nake jin yana dariya a tsakar gida.

Wata rana aka liƙa sanarwa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Wani shiri ne na samar da ruwan sha a ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi, ofishinsu a Anka, suna neman mutum guda da zai kula da injunan burtsatse da janaretoci, da masu gyara a ƙarƙashinsa. Ni ban ma gani ba. Da hantsi ina cikin aiki sai ga Yaya ya shigo shago, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a ƙarshen benci ya jira har mutane biyun da ke gabansa suka tafi.

"Auta, an ce ke ce ke rubuta ma mutane takarda."

"Haka suke cewa, Yaya."

"To nima na zo."

Ya ciro sanarwar da ya kwafa a bayan wata takarda. Na yi masa tambayoyin Madam. Da farko yana amsawa a taƙaice, yana kallon ƙofa. Da muka zo kan injuna sai bakinsa ya buɗe. Ya fi awa yana magana. Ya gaya mini yadda yake tsayawa a tsakiyar ɗakin saƙa, injuna fiye da yadda ido zai ƙirga suna ƙara lokaci guda, ya ji ɗaya ya sauya murya, ya nufe shi kai tsaye. Ya gaya mini babban janareton masaƙar da ya taɓa kwancewa gaba ɗaya ya mayar. Ya ce akwai lokacin da shugaban sashensu ya yi haɗari, shi ya riƙe mutane har wata huɗu.

"Kana rubuta rahoto?" na tambaya, don sanarwar ta ambaci haka.

"A'a. Nakan faɗa ma akawu da baki, shi ya rubuta."

Kwana biyu na yi a kan takardar. Ban taɓa ba wata takarda irin wannan lokacin ba. Na buɗe ƙamus, na duba bayan littafina, na zuba mata duk abin da na tara. Ta cika shafi ɗaya da rabi. Da na zare ta daga tafireta na karanta, sai na ji ko a Gusau da wuya a samu mai rubuta irinta.

Ya zo sa hannu. Yaya yana karanta Turanci a hankali, irin na littafin inji, amma wannan ya duba ya duba ya miƙo mini.

"Karanta mini da Hausa."

Na shiga fassarawa. Yana gyaɗa kai har na zo inda na ce ya jagoranci ma'aikata, ya tsara jadawalin gyare-gyare, kuma yana rubuta rahoton wata-wata ga shugabannin kamfani. Ya ɗaga hannu.

"Wanga ba haka ba ne, Auta. Ban taɓa rubuta rahoto ba."

"Ai kai ke faɗa a rubuta. Duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne."

"Yaya, kai ka san inji, ni na san takarda. In ban sa ba, ko kiranka ba za su yi ba."

Ya kalli shafin. Can ya yi ɗan murmushi, irin wanda babba ke yi in ƙaramin da ya goya ya fara koya masa abu. Ya karɓi biro ya sa hannu, yana dannawa har ya fito ta baya.

Bayan mako uku aka liƙa sunayen waɗanda za a gana da su. Mutum shida ne, nasa na farko. Inna ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya. Matarsa ta wanke masa farar shaddarsa ta kai wa mai guga. Ya ce in raka shi, tunda ni na saba da harkar ofis. Muka shiga motar farko bayan sallar asuba.

Ofishin wani gidan haya ne a gefen garin Anka, da baranda da benci biyu. Sauran biyar ɗin samari ne, kowa da fayil a hannu, biyu har da taye. Babu wuta. A gefen ginin, ƙarƙashin wata rumfar kwano, ga janareto a kwance an buɗe murfinsa an bar shi. Tun da muka zauna Yaya ke waiwayensa.

Shi aka fara kira. Ni kuma na matsa ƙarshen benci, daidai ƙarƙashin taga. An buɗe gilasanta saboda zafi, duk abin da aka ce a ciki ina ji.

Mutum uku ne masu ganawar. Wanda ke jagoranta injiniya ne mai sanyin murya. Da Turanci ya fara. Ya ce a cikin duk takardun da suka samu babu wadda ta burge shi kamar wannan, shi ya sa ya ɗora ta a sama. Sai ya karanta wancan layin na rahoto, kalma bayan kalma, ya ce abin da suke nema ke nan, ya roƙi Yaya ya bayyana musu yadda yake tsara rahotonsa na wata.

Ina jin wani yana fifita da takarda. Sai muryar Yaya ta fito da Turanci, kalma uku ko huɗu, ta tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa.

"Malam, yi Hausa, ba komai," in ji ɗaya daga cikinsu.

"Ranka ya daɗe, ƙanwata ta rubuta takardar ga. Riƙon sashe na yi, wata huɗu, wannan gaskiya ne. Amma rahoto ban taɓa rubutawa ba."

"Amma ka sa hannu," in ji injiniyan. Shi ma ya koma Hausa.

"Na sa."

"To yanzu yaya za mu yi mu gane wanne ne naka a ciki, wanne ne na ƙanwarka?"

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Samarin da ke benci suna ji kamar yadda nake ji. Ɗaya ya juyo ya dube ni, ya kawar da kai.

"Ga janaretonku can kwance," in ji Yaya. "Ku ba ni awa guda."

Har na sa rai za su yarda. Sai injiniyan ya ce akwai mutane suna jira, sun gode da zuwansa, za a neme shi. Bai ɗaga murya ba, bai ci masa fuska ba. Na sha so a ce ya yi, da na samu wanda zan ɗora wa laifi.

Yaya ya fito bai dube ni ba. Ya ce, "Mu tahi." Muka taka har tasha ina bin bayansa.

Kafin mu kai garin Ɗaki Takwas motar ta fara shaƙewa, ta yi ta fizga, ta mutu a tsakiyar daji. Direba ya buɗe gaba yana taɓa nan yana taɓa can, rana tana dukanmu. Yaya ya jima a zaune kamar bai san abin da ake ciki ba. Daga baya ya fita, ya ce wa direban ya sake tayarwa ya ji. Ya saurara sau ɗaya. Ya naɗe hannun riga, ya cire wani siririn tiyo, ya zuƙa da baki ya tofar da mai, ya kwance wani abu ya hura ya mayar. Ko minti ashirin ba a yi ba motar ta tashi. Baƙin mai ya ɓata gaban shaddar tun daga ƙirji.

Wani dattijo da ke kusa da shi ya yi ta sa albarka. Ya ce, "Ɗana, ina kake aiki?"

"Ba ni da aiki, Baba."

"Da hannun ga naka?"

Yaya ya juya yana kallon gonaki. Haka muka shiga Gummi.

Inna tana bakin murhu muka shiga. Ta miƙe da muciya a hannu.

"Yaya kunka ƙare?"

"Ba rabo, Inna."

Ta dubi rigar, ta dube ni. Ta ce Allah ya kawo mafi alheri, ta koma ta zauna. Na tsaya ina jiran ya faɗi sauran. Bai faɗa ba. Bai gaya wa Inna ba, bai gaya wa matarsa ba. Na san haka ne don washegari matar ta same ni ina shara ta ce in yi haƙuri, na yi iyakar ƙoƙarina, ita ba za ta manta ba.

Na yi mako biyu ina buɗe shago ina rufewa, abin yana cina. Wata Asabar na ɗauki kwafin takardar na shiga motar Bukkuyum. Na sami Madam a gidajen ma'aikatan asibiti tana shanya kaya. Ta yi murnar ganina, ta kawo ruwa, ta tambayi Inna. Na ba ta labari duka, ban rage ba. Ta sa tabarau ta karanta, leɓunanta suna motsi. Ta ɗora yatsa a kan wata kalma.

"Wagga, ke kin taɓa faɗin ta da bakinki?"

"A'a."

"Shi fa?"

Ta shiga ɗaki ta fito da jan biro, ta fara ja tana sokewa. Ta ja layin rahoto, ta ja na jadawali, ta bi kalmomin ƙamus ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama, abin da ya rage bai wuce layi bakwai ba: aikin da yake nema, shekara goma sha ɗaya a kan inji, janareton da ya kwance ya mayar, wata huɗun da ya riƙe mutane, injunan fadama da masu lambun da za su iya ba da shaida. Ta ƙara layi ɗaya da hannunta, cewa a shirye yake a gwada shi a kan kowane inji.

"Mutumin da ke da wannan," in ji ta, "mi ya sa kika ga bai isa ba?"

"So nake a kira shi, Madam."

"Na sani. Amma kunyarsa kika ji."

Na ce ba haka ba ne, har da rantsuwa. Ba ta yi gardama ba, ta ninke takardar ta ba ni, ta zuba mini abinci. A mota ina dawowa na yi ta juya maganar. Na tuna lokacin da yake ba ni labarin ɗakin saƙa, hannayensa suna ta motsi, faratansa baƙaƙe, ni kuma a raina ina tunanin yadda zan yi in mayar da shi wani mutum mai taye. Ban so a gan shi yadda yake ba. Tun kafin mu bar garin Bukkuyum na san gaskiya ta faɗa.

Daga nan na daina buɗe ƙamus. Duk wanda na rubuta wa takarda, sai ya karanta ta da bakinsa a gabana kafin ya sa hannu, in ya yi tuntuɓe a kan kalma in cire ta. Wasu suka ce hannuna ya yi sanyi, suka koma wani shago.

Bayan wasu watanni aka sake liƙa wata sanarwa, ana neman makaniki a wani aikin noman rani. Na buga layukan nan bakwai da na takwas ɗin Madam, na bi Yaya har fadama. Yana tsugune a gaban injin wani mai albasa. Ya goge hannu a wando, na karanta masa da Turanci a hankali, bai ce in fassara ba.

"Wannan kam ni ne," in ji shi.

Na miƙa masa biro. Bai karɓa ba.

"Na gama zama gaban mutane, Auta. Ki aje ta."

"Yaya, wannan karon..."

"Ki aje ta." Ya koma ya tsuguna.

Bai sake neman aiki da takarda ba. Shekaru suka wuce yana tsakanin gona da fadama, yara suna girma, abin da ake samu ba ya isa. Sai maganar zinari ta tashi a ƙauyukan Anka. Aka ce a Bagega injunan niƙa sun bar hatsi sun koma niƙa dutse, dare da rana, kuma kullum cikin lalacewa suke. Wani ya zo takanas ya nemi Yaya. Da farko yakan yi mako biyu ya dawo, gashinsa da girarsa cike da garin dutse, yana tari, amma da ɗan abin cefane. A lokacin babu wanda ya san akwai gubar dalma a cikin wannan garin dutse, har mata a gidaje suna taya daka dutsen. Daga baya ya ce zirga-zirgar ta yi yawa, ya samu ɗaki biyu a can, zai kwashe iyalinsa.

Ranar da za su tashi wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida da safe. Aka ɗora katifu da tukwane da buhun gero ɗaya da Inna ta dage sai sun tafi da shi. Yaran suna ta murna za su shiga mota. Inna ta tsaya a zaure ba ta fito ba. Na same shi a bayan motar yana ɗaure kaya da igiya.

"Yaya, akwai maganar da nake so in yi maka tun tuni."

Ya ja igiyar ya ƙulla, ya sake ƙullawa.

"Ki kula da Inna," in ji shi. "Maganinta na hawan jini kada ya yanke."

"Maganar Anka ce."

"Mota na jira, Auta."

Ya dafa kaina kamar yadda yake yi ina ƙarama, ya zagaya ya shiga gaba. Matarsa ta ɗago mini hannu daga cikin kaya. Na tsaya har suka sha kwana ta wajen tasha.

Ran nan ban buɗe shago ba. Da yamma Inna ta ɗora tukunya ta tuƙa tuwo kamar yadda ta saba, na mutum bakwai. Sai da ta fara kwashewa a kwanuka ta ankara. Ta tsaya da mara a hannu tana kallon tukunyar, sannan ta ce in leƙa maƙwabta in ji ko akwai wanda bai ci ba.